Wane kore ne na Spitfire? Amsa ga mai haɗa samfurin jirgin yaƙi

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi samfurin jirgin Spitfire Mk I na ma'aunin 1/48 (wato jirgin gaske ya ninka shi tsawo sau 48), ka gama haɗa gangar jiki da fukafukai, kana son ka yi masa fenti yadda yake a lokacin gumurzun sararin samaniyar Birtaniya na 1940. Sai ka tarar takardar cikin kwali ta ba ka wasu lambobin fenti, zanen bayan kwali ya nuna wani launi dabam, ga kuma kwalabe uku na kamfanoni uku a gabanka, kowace an rubuta mata Dark Green, amma babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Kana tambaya wacce ce ta gaskiya.

Ka ture kwalaben nan gefe tukuna, za mu dawo kansu. Akwai tambayar da ta riga wannan, kuma ita ce ke raba samfurin da ya yi daidai da wanda ya kauce: wane jirgi kake ginawa, kuma na wane mako? Ba iri nake nufi ba, jirgi guda nake nufi, mai lambarsa a jela da haruffan rundunarsa a gefe. Na daɗe a wannan aiki, kuma abin da na gani shi ne kuskuren da ke ɓata samfuri ba kasafai yake fitowa daga kwalba ba. Daga kalanda yake fitowa. Kore ya ɗan yi duhu ko ya ɗan yi haske, babu wanda zai iya rantse maka cewa ka yi kuskure. Amma ka sa wa jirgin watan Agustan 1940 alamar da ba a fito da ita ba sai Nuwamba, duk wanda ya san tarihin zai gani tun daga bakin ƙofa.

Dubi yadda kamannin wannan jirgi ɗaya suka yi ta sauyawa cikin wata goma sha biyar kacal. A farkon 1940 samansa launi biyu ne na ɓad-da-kama, kore mai duhu da suke kira Dark Green da ruwan ƙasa da suke kira Dark Earth. Ƙasansa kuwa rabi baƙi ne rabi fari, fiffiken hagu baƙi, na dama fari, don masu sa ido da masu harbo jirage daga ƙasa su gane nasu ne. A farkon Mayu aka ƙara zobe rawaya a kewayen tambarin gefen jirgi, wato da'irar nan ta ja da fari da shuɗi, aka kuma sa ratsin ja da fari da shuɗi a jela. Ranar 6 ga Yuni aka ba da umarnin a shafe baƙi da farin nan, a mai da ƙasan jirgi launi ɗaya mai suna Sky. Tambarin ƙarƙashin fukafukai ya ɓace tare da wannan sauyi, bai dawo ba sai cikin Agusta. Gumurzun kansa, bisa lissafin hukuma, ya fara 10 ga Yuli ya ƙare 31 ga Oktoba. A ƙarshen Nuwamba aka sake mayar da fiffiken hagu baƙi, aka ɗaura wa jirgi ɗamarar Sky mai faɗin inci 18 gab da jela, aka kuma mai da hancin farfela Sky, alhali duk tsawon bazara baƙi ne. Baƙin fiffiken ya sake tafiya a Afrilun 1941. Sannan a tsakiyar Agustan 1941, da yaƙin ya koma kan teku da sararin Faransa, aka yi watsi da ruwan ƙasa ɗungurungum: saman ya zama Dark Green da ruwan toka mai suna Ocean Grey, ƙasan ya zama Medium Sea Grey, aka sa siririn layi rawaya a gaban fukafukai.

To ka ga, idan wani ya ce maka "ga launin Spitfire", ka tambaye shi na yaushe.

Ni kaina a nan na taɓa tuntuɓe, kuma har yau abin yana raina. Na kwashe kusan mako biyu ina gauraya ruwan ƙasa, ina ƙara ɗigon rawaya, ina rage ja, har na samu wanda ya kwanta mini. Na gama jirgi, na sa masa haruffan wata runduna na watan Agustan 1940, sannan na ɗaura masa ɗamarar Sky a jela saboda haka na saba gani a hotuna. Wani dattijo da ya riga ni shiga harkar ya ɗauke shi, ya jujjuya, ya yaba fentin, sannan ya ɗora yatsa a kan ɗamarar ya ce, "Wannan ta zo da wuri da wata uku." Gaskiyarsa. Tun daga ranar ba na buɗe kwalba sai na rubuta lambar jirgi da watan da nake nufi a takarda, na manna ta a gaban teburin aiki.

Launin Sky ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya fi jawo gardama a tsakanin masu gina jiragen 1940. Sunansa yana nufin sararin sama, amma ba shuɗi ba ne. Kore ne mai haske ƙwarai wanda ya ɗan karkata zuwa ruwan toka da rawaya, shi ya sa Turawan lokacin suke kwatanta shi da ɓawon ƙwan agwagwa. Matsalar ita ce lokacin da umarnin ya fita a watan Yuni, fentin bai wadatu a sansanoni ba. Jirage kuwa ba za su zauna jiran gwangwani ba ana tsakiyar yaƙi. Sai ma'aikatan ƙasa suka yi amfani da abin da ke hannunsu, wasu suka gauraya nasu, wasu suka shafa wani launi makusanci. Ɓaraguzan jiragen da aka tono daga baya sun nuna launuka iri-iri a ƙasan fukafukai, wani ya fi kore, wani ya fi shuɗi. Saboda haka jirgin da ke bakin aiki a Yuni ko Yuli, wanda aka sake wa fenti a sansani, kana da sarari a kansa. Wanda ya fito daga masana'anta daga baya, bayan fentin ya wadata, shi kam Sky na hukuma ne, kada ka yi masa kwaskwarima. Harafin S da za ka gani a rubuce, Sky Type S, ba wani launi dabam ba ne. Yana nuni ne da irin fentin mai santsi wanda ba ya riƙe iska.

Sai ƙananan abubuwan da takardar kwali kan wuce su da sauri. Zanen ɓad-da-kaman saman jirgi iri biyu ne a 1940, A da B, ɗaya madubin ɗaya ne, kuma ba a daina B ba sai farkon 1941. Ana yawan cewa lambar jirgi ce ke nuna wanne aka yi masa, ko mai rabuwa biyu ce ko marar rabuwa, amma an samu waɗanda suka saɓa, don haka hoton jirginka ya fi wannan ƙa'ida ƙarfi. Haruffan runduna a 1940 ruwan toka ne, Medium Sea Grey, kuma girmansu ya bambanta daga runduna zuwa runduna. Sai daga baya suka koma Sky. Ja da shuɗin tambari na lokacin yaƙi a dushe suke, jan ya karkata zuwa na jan bulo, shuɗin ya yi duhu sosai. Idan sitikar cikin kwalinka ja ce wur mai ɗaukar ido, ka nemi wata. Mazaunin matuƙi kore ne mai ruwan toka, amma bayan wurin, cikin gangar jiki, ruwan azurfa ne. Kujerar da yawa daga cikin jiragen ba ƙarfe ba ce, wani abu ne da aka matse da takarda da danƙo, launinta ja-ja mai ruwan ƙasa. Farfela baƙa ce, bakin kowane reshe rawaya inci 4, wato kusan milimita 2 a samfurinka. Ramukan bindigogi takwas ɗin nan na gaban fukafukai kuma akan liƙe su da ƙyalle mai jan fenti kafin tashi, don kada ƙura da sanyi su shiga.

Hoto shi ne babban shaidarka, amma shaida ne da sai an yi masa tambayoyi. Mafi yawan hotunan lokacin baƙi da fari ne, kuma fim ɗin kyamara iri biyu ake amfani da su. Ɗaya yana ganin launuka kusan yadda ido yake auna haskensu. Ɗayan, tsohon yayi, ba ya ganin ja sosai kuma yana dushe rawaya, sai ja ya fito baƙi, rawaya ta yi duhu, shuɗi kuma ya yi haske. Ga yadda za ka gane: dubi tambarin gefen jirgi. Idan zoben waje, wanda ka san rawaya ne, ya fito da duhu har ya kusa sajewa da jikin jirgi, shuɗin kuma ya fito fari-fari, to tsohon fim ne, kuma duk hukuncin da za ka yanke kan duhun kore da ruwan ƙasa a wannan hoto sai ka yi taka-tsantsan. Mutane da yawa sun yi wa jirage baƙin zobe saboda wannan, alhali ba a taɓa yin sa ba.

Hotuna masu launi akwai su, don fim mai launi na Kodachrome ya fito tun 1935, na Agfa na Jamus kuma a 1936. Amma shekara tamanin ta wuce a kansu, wasu sun koɗe, an buga su a littafi, an sake ɗauka daga littafin, sannan suka iso fuskar wayarka wadda ita ma tana da nata ra'ayin kan launi. Mafi haɗari su ne tsofaffin hotuna baƙi da fari da aka zuba wa launi da kwamfuta. Suna da kyan gani, amma launin da ke cikinsu zaton wanda ya zuba ne kawai. Abin da hoto yake ba ka da tabbaci shi ne inda layi ya bi, girman haruffa, inda fenti ya goge, inda hayaƙin salansa ya kwanta. Launi kansa a wani wuri ake nemansa.

Haka jiragen gidajen tarihi. Galibinsu an sake musu fenti bayan yaƙi, wasu sau biyu sau uku, waɗanda ke tashi a bukukuwa kuma fentin zamani mai sheƙi ake sa musu don ya jure wanki da ruwan sama. Ƙalilan ne suka tsira da fentinsu na asali, kuma su ne zinariya a wurinmu. Akwai Spitfire Mk I mai lamba R6915 a gidan tarihin yaƙi na Landan, ya yi gumurzun 1940 da gaske, fentin jikinsa kuma na lokacin yaƙi ne. Amma ka lura, launukan baya ne a jikinsa, kore da toka, domin ya ci gaba da aiki an sake masa kama. Kenan ko jirgin da ya halarci yaƙin da kansa ba zai nuna maka kamanninsa na wannan bazarar ba. A Kanbera ta Ostireliya kuma akwai jirgin Jamus Messerschmitt Bf 109G da ba a sake masa fenti ba tun lokacin yaƙi, wanda masu bincike suka daɗe suna karatu a jikinsa.

Asalin ma'auni shi ne katunan launi da hukumar Birtaniya ta raba wa masana'antu da masu yin fenti, ƙarƙashin ma'aikatar ƙera jirage da aka kafa a Mayun 1940. Bayan yaƙi an shigar da wasu daga cikin launukan cikin kundin launukan Birtaniya mai suna BS 381C, inda Dark Green ya zama lamba 241, Dark Earth 450, Sky 210, Medium Sea Grey 637. Ocean Grey bai shiga ba. Za ka kuma riƙa cin karo da lambobi masu farawa da FS, ana cewa wannan kore daidai yake da FS kaza. Ka riƙe wannan: kundin FS 595 na Amurka ne, kuma sai 1956 ya fito. Babu jirgin yaƙin duniya na biyu, ko na Amurka, da aka yi wa fenti da lambar FS. Duk wanda ya ba ka ita yana cewa ne "ga mafi kusa da na samu", ba "ga shi" ba. Tana da amfani wajen kwatance tsakanin mutum biyu da ke nesa da juna, iyakarta kenan.

Yanzu mu dawo kan kwalabenka uku. Dalilin bambancinsu ba ha'inci ba ne. Wani kamfani ya auna katin asali, wani ya auna kundin bayan yaƙi, wani ya riga ya haskaka launin don ya dace da ƙaramin samfuri, wani kuma ya gaji tsohon haɗi ne tun shekaru aru-aru bai sauya ba. Idan kana son inda za ka fara: a fentin kamfanin Tamiya, XF-81 shi ne Dark Green na Birtaniya, XF-21 Sky, XF-52 kuma ruwan ƙasa ne da mutane kan ɗan gyara don ya kai Dark Earth. A Humbrol, 29 shi ne Dark Earth, 90 ake amfani da shi a matsayin Sky, 78 na mazaunin matuƙi. Koren da tsofaffin takardu ke nunawa lamba 30 ne, amma masu gini da dama suna ganin ya karkata zuwa shuɗi, sun fi son 163. A Mr. Hobby na ruwa, H72, H73 da H74 su ne ruwan ƙasa, kore da Sky a jere. Abin da za ka riƙe a ido shi ne Dark Green na gaske kore ne mai ɗumi, irin na zaitun, akwai ruwan ƙasa a cikinsa. Ba koren ganye ba ne shar, ba kuma mai sanyin shuɗi ba. Dark Earth kuma ya fi kusa da rawaya-rawaya da ɗan kore fiye da ja. Idan naka ya yi kama da cakulan, ya yi ja da yawa.

Kada ka yarda da launin murfi, kada ka yarda da fenti yana ɗanye. Samo cokulan roba farare guda shida ko takwas. Fesa musu irin fentin share fagen da ka sa wa jirgin, don abin da ke ƙasa yana tasiri a kan na sama: kore ɗaya a kan baƙi da a kan fari kamar launi biyu ne. Gauraya kowace kwalba sosai, da tsinke, har ka ji babu dunƙule a gindi, domin launin yana kwanciya a ƙasa, girgizawa kaɗai ba ta tayar da shi. Sirka da tina daidai yadda za ka yi a kan jirgi, ka fesa bayan cokali, ka rubuta lambar a mariƙinsa. Ka bar su kwana. Washegari ka shafa wa rabin kowane cokali banish ɗin da za ka rufe aikin da shi. A nan za ka ga abin mamaki: mai sheƙi yana ƙara duhu da zurfi, marar sheƙi yana haskakawa har ya ɗan yi fari-fari, kuma layin da ke tsakanin rabin biyu zai fito ƙarara a kan cokali ɗaya. Bayan cokali ya fi takarda saboda a lanƙwashe yake kamar gangar jirgi, haske yana zamewa a kansa yadda zai zame a kan samfurin.

Ka fita da su waje ka duba, a inuwa, da hantsi ko bayan la'asar kaɗan, ba cikin tsakar rana ba kuma ba ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rawaya ba. Launi biyu suna iya zama ɗaya a hasken ɗaki su rabu a hasken rana, saboda sinadaran da aka haɗa su da su ba ɗaya ba ne. Kore irin na zaitun ya fi kowane launi wannan hali. Da dare sai ka ga ya koma ruwan ƙasa. Idan da dare kake aiki, nemi ƙwai mai farin haske irin na rana, wanda aka rubuta wa tsakanin 5000 da 6500 na ma'aunin Kelvin.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan gwaji, a ganina, ba kowane cokali shi kaɗai ba ne. Ka haɗa na kore da na ruwan ƙasa kafaɗa da kafaɗa, ka ɗauke su hoto da waya, ka mai da hoton baƙi da fari, ka ajiye kusa da hoton jirginka na 1940. Tazarar duhun da ke tsakaninsu ta yi kama? A jirgin gaske launukan biyu suna kusa da juna, koren ya ɗan fi duhu, ba su yi hannun riga ba. Ido ba ya riƙe ainihin launi, amma yana riƙe dangantakar launi da maƙwabcinsa. Samfurin da korensa ya ɗan kauce amma tazarar ta yi daidai zai yi kama da Spitfire. Wanda kowane launi ya fito daga kwalba mai suna daidai amma ɗaya ya yi duhu ƙirin ɗaya ya yi haske fayau zai yi kama da abin wasan yara. Shi ya sa nake ba da shawarar ka ɗauki launukan saman biyu daga kamfani ɗaya in zai yiwu, don akan daidaita su da juna.

Akwai kuma maganar haskaka fenti saboda ƙanƙantar samfuri. Faɗin fukafukan Spitfire mita 11.23 ne, a ma'aunin 1/48 ya koma kusan santimita 23 da rabi. Idan ka tsaya rabin mita daga samfurin, tamkar ka tsaya mita 24 ne daga jirgin gaske. Abu mai nisa kuwa launinsa yana laushi, ƙaramin abu mai duhu kuma yakan dunƙule a ido ya ƙara duhu. Wasu suna bin lissafin kashi kaza na fari ga kowane ma'auni, wasu suna cewa a mita 24 iska ba ta isa ta sauya komai ba. Ni ina haskakawa, amma kaɗan, kamar ɗigo ɗaya cikin goma, kuma ba da fari zalla ba. Fari yana kashe kore, ya mai da shi kamar an barbaɗa masa alli. Ɗigon rawaya mai ruwan ƙasa ko na Sky ɗin kansa ya fi, don yana haskakawa ba tare da ya tsotse ɗumin launin ba. Baƙin farfela da taya ma kada ka sa baƙi ƙirin, toka mai duhu sosai ya fi zama gaskiya a ido. In kwalbarka ta riga ta zo a haskake daga kamfani, kada ka ƙara.

Kan tsufa da koɗewa, a yi hattara. Jiragen bazarar 1940 ba su daɗe ba. Da yawa makonni suka yi a bakin daga kafin a harbo su ko a mai da su gyara, kuma ranar Ingila ba ta cin fenti kamar ta hamadar arewacin Afirka ko tsibiran Pasifik. Abin da za ka gani shi ne gogewar takalmi a gindin fiffiken hagu inda matuƙi ke hawa, ɗan ƙwarzane a bakin murafun injin da na bindigogi, hayaƙi a bayan salansa, da ɗigon mai a ƙarƙashin ciki. Iyakar launi da launi a sama kuma a tsuke take. Ko da feshin ya fantsama inci guda a jirgin gaske, a naka rabin milimita ne, don haka tef ko takarda da aka ɗan ɗaga daga jiki ta fi feshi da hannu sake.

Tunda na san wanda ya gina Spitfire ba ya daɗewa bai nemo abokin karawarsa ba, ga kaɗan kan sauran. Jamusawa lambobi suke ba launukansu, masu farawa da RLM, sunan ma'aikatar jiragensu a taƙaice. Bf 109E ya shiga yaƙi a 1939 da kore biyu masu duhu, 70 da 71, a kan shuɗi mai haske 65. Kafin bazarar 1940 an maye ɗaya da 02, toka mai kore, an kuma ja shuɗin ya hau gefen jirgi har kusa da gadon baya. Da suka ga gefen ya yi haske da yawa, rundunoni suka riƙa yi masa ɗige-ɗige da kansu, wasu da feshi, wasu da buroshi ko soso, shi ya sa babu biyu da suka yi kama. Daga 1941 aka koma toka, 74 da 75 a kan 76. Na ƙarshen yaƙi, 81 da 82, nan ne gardama ta fi zafi, domin masana'antu sun warwatse, kayan haɗi sun yi ƙaranci, har jirgi ɗaya kan fito da fiffike wani launi jela wani. Lamba 83 ma an shekara da shekaru ana ɗaukarta kore mai duhu, sai takardun da aka gano daga baya suka nuna shuɗi ne na jiragen kan teku. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya riƙe ra'ayinsa da sassauci.

Jirgin Zero na Japan da ya kai hari Pearl Harbor a Disambar 1941 an daɗe ana yi masa fari ko toka mai haske, amma guntayen da suka rage sun nuna toka ne mai ɗan kore da ruwan zuma, kuma mai sheƙi. Kamfani biyu ne suka ƙera shi, Mitsubishi da Nakajima, kuma launin cikin mazaunin matuƙi da yadda layin kore ya bi zuwa jela a jiragen baya da aka yi wa saman kore sun bambanta tsakaninsu. Koren Amurka mai suna Olive Drab ya shahara da saurin koɗewa, har za ka ga jirage a layi ɗaya wani kore wani ruwan ƙasa. P-51D Mustang kuma da ake cewa ƙarfe ne tsirara, gangar jikinsa ce kawai haka. Fukafukansa an cike gaɓoɓinsu an shafe su da fentin azurfa don iska ta zame. A duk waɗannan, tambayar farko ba ta sauya ba: wane jirgi, wace masana'anta, wane wata.

Naka kuwa, da ni ne, zan zaɓi jirgi ɗaya daga cikin waɗanda sitikar kwalin ta bayar, wanda na samu hotonsa ko da guda ne, in tsayar da shi a ƙarshen Agusta ko Satumbar 1940. Wannan ya ba ni Dark Green da Dark Earth a sama, Sky a ƙasa da tambari a ƙarƙashin fukafukai, baƙin hancin farfela, haruffa ruwan toka, babu ɗamara a jela, babu rawaya a gaban fiffike. In duba hoton in gane zanen A ne ko B. Daga cikin korenka uku in ɗauki wanda ya fi kusa da zaitun a inuwar hantsi, in gwada shi da ruwan ƙasan a hoton baƙi da fari. In rubuta haɗin da na yi a jikin kwalba, ɗigo nawa na wane, sannan in dama wanda zai ishe ni har da gyaran da zai taso bayan cire tef, don haɗi na biyu ba ya taɓa fitowa daidai da na farko. Ka fara da Sky, ka bar shi ya kwana biyu kafin tef ya taɓa shi, sannan ruwan ƙasa, kore ya zo a ƙarshe.